Tukunyar wake da ƙahon Armstrong: yadda baƙi suka haɗa girki da kiɗa a New Orleans

Louis Armstrong, mabushin ƙahon nan da duniya ta san kiɗan jaz ta bakinsa, yana da wata ɗabi'a idan zai rufe wasiƙa. Inda wasu ke rubuta "naka mai ƙaunarka", shi sai ya murɗa kalmomin ya sa hannu da sunan shinkafa da wake. Ya zagaya duniya, ya ci abinci a teburin manya, amma abincin da ya zaɓa ya zama hatiminsa shi ne wanda matan garinsu ke ɗorawa a murhu kowace Litinin. Litinin ita ce ranar wanki a tsohuwar New Orleans. Matar da za ta wuni tana cuɗar kaya ba ta da lokacin tsayawa kan tukunya, don haka sai ta zuba jan wake, ta jefa ƙashin naman da ya rage daga girkin Lahadi, ta rage wuta, ta bar shi yana dahuwa har yamma. Har gobe gidajen abinci a garin suna sa shinkafa da wake a jerin abincin Litinin, ko da yake injin wanki ya daɗe da kashe dalilin.

New Orleans tana jihar Louisiana a kudancin Amurka, kusa da inda kogin Misisipi ke shiga teku. Masu tallata garin ga 'yan yawon buɗe ido suna da zance guda da suke maimaitawa: wai kiɗan jaz tamkar miyar gumbo ne, kowace al'umma ta kawo nata ta zuba, aka juya, aka sami abu mai daɗi. Zancen yana da armashi, shi ya sa ya kama. Amma yana sa mutum ya ɗauka alaƙar girki da kiɗa a garin kamanceceniya ce kawai, irin ta mai hikimar magana. A ganina alaƙar ta fi haka kauri. Abincin da kiɗan sun tashi a fili ɗaya, a rana ɗaya, kuma sau da yawa daga aljihu ɗaya ake biyan mai girki da mai busa.

A fara da tukunyar kanta. Gumbo miya ce mai kauri da ake zubawa kan shinkafa, da kaza ko jatan lande ko ƙaguwa ko tsiran alade. Bahaushe da ya leƙa cikinta zai ga 'yan uwa. Sunan dai, bisa ra'ayin da ya fi rinjaye, ya fito ne daga sunan kuɓewa a harsunan Bantu na yankin Angola da Kongo, kuma har yau Bafaranshe gombo yake kiran kuɓewa. Hanyoyi uku ake bi a kaurara miyar, kuma kowace hanya tana nuna wata al'umma. Ta farko kuɓewa, wadda ta ƙetara teku tare da bayi daga Afirka. Ta biyu wani gari da ake kira file, busasshen ganyen bishiyar sasafaras da aka dake, wanda aka koya daga mutanen Choctaw, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Wanda ya san garin kuka ya san aikinsa: ana barbaɗa shi a ƙarshe, idan ya tafasa da yawa sai ya yi yauƙin da ba a so. Ta uku kuma soyayyen fulawa cikin mai, dabarar Faransawa, sai dai a Louisiana ana soya shi har ya kusa yin duhu kamar gawayi, abin da mai dafa abinci a Faris zai ce an ƙona. Kowane gida yana da tasa hanyar, kuma kowa ya rantse ta kakarsa ce ta gaskiya.

Faransawa suka kafa garin a 1718. Shekara guda bayan haka jiragen bayi na farko suka iso, kuma kamfanin da ya aiko su ya umarci matuƙan da su sayo irin shinkafa tare da mutanen da suka iya nomanta. Wannan umarni ya faɗi abu da yawa. Turawan da suka zauna a wannan fadama ba su iya ciyar da kansu ba, alkama ba ta yi a wurin, sai da ilimin noman shinkafa na Afirka ta Yamma ya tsamo su. Masana tarihi sun nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na bayin da aka kawo Louisiana a zamanin mulkin Faransa daga yankin Senegal da Gambiya suka fito, yankin da ya yi fice a shinkafa. Saboda haka idan ka ga jambalaya, dafa-dukar garin, ka tuna da dafa-dukar Senegal, ba ka yi nisa da gaskiya ba, ko da yake Sifaniyawa, waɗanda suka riƙe yankin daga shekarun 1760 zuwa farkon ƙarni na 19, su ma suna da tasu dafa-dukar kuma suna da masu kare musu haƙƙi a wannan gardama. Amurka ta sayi yankin gaba ɗaya daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15.

Filin da ya fi kowane muhimmanci a wannan labari shi ne dandalin Kongo, wani fili a bayan tsohon garin. Dokar bayi ta Faransa ta 1724 ta hana sa bawa aiki ranar Lahadi, kuma a 1817 hukumar gari ta taƙaita taron bayi ga wannan fili kaɗai. Abin da aka fi tunawa shi ne ganguna da raye-raye, domin a yawancin yankunan Amurka an hana bawa taɓa ganga, amma a nan ana kiɗa a bainar jama'a. Abin da ake yawan mantawa shi ne wurin kasuwa ne. Mutane na kawo abin da suka noma a 'yan gonakinsu, da kifi, da naman dawa, mata kuma na sayar da dafaffen abinci. Daga cikin abin da matan garin suka shahara da tallarsa akwai kala, wainar dafaffiyar shinkafa da ake kwaɓawa ta kwana ta tashi, a soya a mai, a barbaɗa sukari. Bambancinta da masa kaɗan ne, sai dai ita a mai mai zurfi ake tsoma ta, ba a tanda ba. Matan kan ɗora kwando a ka suna rera kirarin talla da Faransancin gari. A zamanin Sifaniyawa doka ta ba bawa damar fansar kansa idan ya tara kuɗi, kuma akwai matan da cinikin abinci irin wannan ya fansa. Ganga ce ke tara jama'a, taron jama'a kuma shi ke sayar da waina. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kalangu ke jawo mutane wajen mahauta ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

A 1809 aka sami kwararar da ta sake wa garin fuska. Mutane kusan dubu goma, waɗanda juyin juya halin Haiti ya kora zuwa Kyuba, aka sake korarsu daga can, suka sauka New Orleans. Akwai Turawa, akwai baƙaƙe 'yantattu, akwai bayi. Yawan mutanen gari ya kusan ninkawa. Sun ƙarfafa Faransanci daidai lokacin da Ingilishi ke shirin danne shi, sun zo da salon kiɗan tsibiran Karebiyan, kuma da yawa suna ganin ta hannunsu jan wake ya zauna daram a girkin garin. Sama da shekaru ɗari bayan haka Jelly Roll Morton, makaɗin fiyano ɗan garin, yana cewa jaz ba ya cika sai da ɗanɗanon Sifaniya a ciki, yana nufin irin bugun nan na Kyuba. Kalmar da ya zaɓa don bayyana aikin wannan bugu ta masu girki ce: kayan ƙanshi.

Daga nan baƙi suka yi ta zuwa ta tashar jiragen ruwa. Jamusawa sun riga sun zauna a gefen kogi tun shekarun 1720 suna noma wa garin kayan lambu, daga baya suka kama gasa burodi da yin tsiran nama. 'Yan Ailan suka zo haƙa magudanan ruwa. A ƙarshen ƙarni na 19 mutanen Sisili daga kudancin Italiya suka cika unguwar tsohuwar kasuwa har ana kiranta ƙaramar Palermo. Wani daga cikinsu, Salvatore Lupo, ya buɗe kantin Central Grocery a 1906, inda aka ƙirƙiro muffuletta: faffaɗan burodi mai riɗi, a cusa masa yankakken nama da cuku da haɗin zaitun, don 'yan kasuwa su ci a tsaye. Ba a yi musu maraba ba. A watan Maris na 1891 gungun mutane suka fasa kurkukun gari suka kashe Italiyawa 11 da ake zargi da kisan shugaban 'yan sanda, alhali kotu ba ta sami kowa da laifi ba. A wancan lokaci ana yi wa ɗan Sisili kallon wanda bai cika Bature ba, don haka ya zauna a unguwannin talakawa, ya buɗe kanti a kan kwana, maƙwabtansa kuma baƙaƙe ne. Daga wannan maƙwabtaka miyar tumatir ta Sisili ta shiga gidajen baƙaƙe, busa kuma ta shiga gidajen Italiyawa. Faifan farko da aka fitar kasuwa da sunan jaz, a 1917, na wata ƙungiyar farar fata ce ƙarƙashin Nick LaRocca, ɗan wani baƙo daga Sisili. Mutumin ya mutu yana iƙirarin shi ya ƙirƙiro kiɗan kuma baƙaƙe ba su da hannu a ciki, iƙirarin da tarihi bai goyi bayansa ba.

A nan ne kwatancen gumbo ke ɓoye wani abu. Yana nuna kamar mutane sun taru da son ransu kowa ya kawo gudummawa. Akasari tilas ce ta haɗa su. Kafin yaƙin basasar Amurka akwai wani rukuni a garin da ake kira Kiriyol masu launi: ruwa biyu ne, 'yantattu, Katolika, masu Faransanci, da yawansu sun yi karatun kiɗa a rubuce. Suna ganin kansu daban da baƙaƙen da suka fito daga gonakin rake. Dokokin wariya na shekarun 1890 suka share wannan bambanci. Homer Plessy, wanda aka kama a garin a 1892 don ya zauna a taragon Turawa, ɗan wannan rukuni ne, kuma hukuncin kotun ƙoli na 1896 a shari'arsa ya halatta wariya a ƙasar baki ɗaya. Makaɗin da ya saba busa a gidan wasan Turawa sai ya sami kansa a ƙungiya ɗaya da wanda ya koyi busa da kunne a coci da gona. Ɗaya ya kawo ƙa'ida, ɗaya ya kawo zafi da kukan zuci. Haka abin yake a madafi: hannun da ya dafa mafi yawan abincin da ake kira na Kiriyol a manyan gidaje da gidajen abinci hannun baƙar fata ne, a wuraren da mai girkin ba shi da izinin zama ya ci.

Armstrong kansa, wanda aka haifa a 1901, ya yi ƙuruciyarsa yana yi wa wani gidan Yahudawa 'yan Lituweniya, iyalan Karnofsky, aikin tattara tarkace da sayar da gawayin kwal. Yakan busa wani ƙahon gwangwani don kiran masu saye. A gidansu yake cin abincin dare, su suka ba shi rancen da ya taimaka ya sayi ƙahonsa na farko, kuma ya yi ta rataya tambarin Yahudawa a wuya har ƙarshen rayuwarsa don tunawa da su.

Wajen gari labarin ya ɗan bambanta amma dabarar ɗaya ce. Daga 1755 Ingilishi suka kori Faransawan Akadiya daga gabashin Kanada, wani ɓangare ya ƙare a fadamun kudancin Louisiana, su ne ake kira Kajun a yau. Girkinsu na ƙauye ne, tukunya ɗaya, yaji da yawa. Maƙwabtansu baƙaƙen Kiriyol na karkara suka samar da kiɗan zaideko, da akodiyon, kayan kiɗan da asalinsa na ƙasashen Jamusawa ne, da wani allon ƙarfe mai gurzo da ake ratayawa a ƙirji, jikan allon wanki. Sunan kiɗan ma daga abinci ya fito. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ya samo asali daga wata magana ta Faransancinsu da ke cewa "wake ba gishiri", wato talauci ya kai ba a sami ko gutsuren nama mai gishiri da za a jefa a tukunya ba. Raye-rayen a gidaje ake yinsu daren Asabar: a fitar da kujeru daga ɗaki, matar gida ta dafa gumbo tana sayarwa kwano-kwano, daga cinikin a sallami makaɗa. A cikin gari kuwa suyar kifi ta daren Asabar ce ke yin wannan aiki, mai gida ya tara kuɗin haya, mai fiyano ya sami na kashewa da na ciki.

Wannan tsari bai mutu ba. Tun ƙarni na 19 baƙaƙen garin suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, domin kamfanonin inshora ba sa karɓarsu. Kowa ya zuba kaɗan, idan ɗan ƙungiya ya yi ciwo a taimaka, idan ya mutu a yi masa jana'iza da 'yan badujala, a tafi maƙabarta da busa mai sanyi, a dawo da mai zafi. Waɗannan ƙungiyoyi har yanzu suna fita zagayen gari kusan kowace Lahadi a mafi yawan watannin shekara, jama'a na bin su da rawa. A duk inda ayarin zai yada zango akwai masu gasa nama a bayan mota da masu sayar da yakamein, romon naman sa da taliya da dafaffen ƙwai da albasa mai lawashi, abincin da sunansa da kamanninsa ke nuna hannun 'yan Sin, amma baƙaƙen garin suka mayar da shi nasu. Mabushi Kermit Ruffins ya shafe shekaru yana gasa nama da kansa a ƙofar wurin da yake wasa, yana ciyar da masu sauraro a lokacin hutu, har sunan ƙungiyarsa daga gashin nama ya samo asali.

Ga mai karatu Musulmi da zai je can, a sani cewa naman alade ya ratsa wannan girki sosai, har cikin waken Litinin ɗin, don haka sai da tambaya. Na kifi da jatan lande sun fi sauƙi, musamman lokacin azumin Kiristoci gabanin Ista.

Babu inda girki da kiɗa da siyasa suka haɗu kamar gidan abincin Dooky Chase a unguwar Treme, wanda aka buɗe a 1941. Leah Chase ta shigo gidan ne ta hanyar aure, mijinta kuwa mabushin ƙaho ne mai jagorantar ƙungiyar jaz. Ita ta mayar da wurin gidan abinci na alfarma ga baƙaƙe a lokacin da ba a barinsu shiga na Turawa, shi ya sa manyan mawaƙa irin su Ray Charles da Duke Ellington can suke zuwa idan sun shigo gari. A benen gidan lauyoyi da masu fafutukar 'yancin baƙaƙe, har da Thurgood Marshall da Martin Luther King, suka riƙa ganawa da abokan gwagwarmayarsu, baƙi da fari a tebur ɗaya, abin da dokar jiha ta hana. A 2008 Barack Obama ya je yana neman takara, ya ɗauki kwalbar yaji zai zuba wa gumbo tun bai ɗanɗana ba, tsohuwar ta tsawata masa nan take. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96.

Baƙi na baya-bayan nan suna gwada ko tsarin yana aiki har yanzu. Bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a ƙarshen yaƙin Biyetnam a 1975, cocin Katolika ya taimaka wajen tsugunar da dubban 'yan Biyetnam a gabashin garin. Sun tarar da fadama, da shinkafa, da kamun jatan lande, da burodin Faransa, duk abubuwan da suka baro a gida. Burodinsu mai cushe ya yi kama da po-boy, dogon burodin da ake danganta farkonsa da yajin aikin ma'aikatan taragon cikin gari na 1929, lokacin da wasu 'yan uwa biyu masu gidan abinci suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta. Yau gidan burodin Dong Phuong na cikin waɗanda aka fi yi wa layi don kek ɗin Mardi Gras, bikin shagali da ake yi gabanin azumin Kiristoci, kuma ya sami lambar yabo ta harkar abinci mai suna James Beard a 2018. Amma kiɗan Biyetnam bai shiga badujalar titi ba. Ina ganin dalilin a fili yake: abinci yana iya ƙetare unguwa cikin leda, kiɗa kuwa sai an zauna tare, yara sun tashi a layi ɗaya suna jin abu ɗaya. 'Yan Sisili sun zauna cikin tsakiyar gari gida na jingine da gida, 'yan Biyetnam kuwa an sauke su a gefe, tafiyar mota mai nisa daga Treme.

Guguwar Katrina ta ranar 29 ga Agusta 2005 ta fasa shingayen ruwa, kusan kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse. Unguwannin da suka fi shan wahala su ne na masu girki da masu busa. Leah Chase ta zauna a ɗakin tirela kusa da gidan abincinta har aka sake buɗe shi a 2007. Ma'aikata daga Honduras da Meziko suka zo aikin sake gini, motocin sayar da abincinsu suka biyo su, kuma a 2007 ƙaramar hukumar Jefferson da ke maƙwabtaka da garin ta kafa dokokin da suka kori motocin daga titunanta. Ƙidayar 2000 ta sami mutum kusan dubu 484 a garin, ta 2020 kuma kusan dubu 384. Kuɗin haya a Treme da makamantanta ya tashi, gidaje da yawa sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, wasu sababbin mazauna kuma suna kai ƙarar ƙarar busa da dare. Bikin jaz na shekara-shekara, wanda aka fara a 1970 a dandalin Kongo, ya girma ya koma filin sukuwa, yana jan dubban ɗaruruwan mutane, rumfunan abincinsa sun yi suna kamar dandamalin mawaƙansa. Sai dai kuɗin shiga na yini guda ya fi ƙarfin da yawa daga masu wanke kwanuka a gidajen abincin garin, waɗanda yanzu daga bayan gari suke shigowa aiki, su koma bayan an rufe.